Inda Tunkiya Ke Gadon Dutse

A arewa maso yammacin Ingila, a lardin Kambriya, akwai tumakin da ake saki a kan tsaunuka wata da watanni, babu turke, babu shinge, babu yaro mai sanda a bayansu. Tsaunin ba na mutum ɗaya ba ne, gidaje da yawa ne ke da ikon sakin garkensu a kansa. Amma kowane garke ya san ɓangarensa, da wuya ka ga ya ƙetare shi, alhali babu wata iyaka da ido zai gani. Uwa ce ke nuna wa 'yarta wurin, ita ma in ta haihu ta nuna wa tata, a haka abin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Turawan arewacin Ingila da na kudancin Sukotlan suna da kalma guda da ta ɗauke duk wannan dogon bayani, wato heft. 'Yan Kambriya su kan ce heaf, suna jan wasalin, "hiif". Kalmar nan ce ta fitar da ni daga Manchester, inda nake karatu, a cikin watan Yuli, lokacin da ake sauko da tumakin domin a yi musu aski.

Na fara cin karo da ita ne a wata sanarwar ba da hayar gona. An lissafa gida da rumbuna da filayen ciyawa, sai kuma aka ƙara da garken tumaki masu heft, waɗanda duk wanda ya karɓi gonar dole ya karɓe su tare da ita. Abin ya tsaya min a rai, don mu a saninmu mai tashi daga gida dabbobinsa yake korawa gaba. Ƙamus ɗin da ke hannuna kuwa ya ba ni heft da ma'anar nauyi, ko ɗaga abu a ji nauyinsa. Waccan kalma ce daban mai tushe daban, kamannin rubutu kawai ya haɗa su. Ta tumakin sai an je inda ake faɗinta.

Jirgin ƙasa ya kai ni Lancaster, a can na shiga bas mai lamba 555, mai hawa biyu, na haye sama na kama kujerar gaba. Duk mai son ganin Yankin Tafkuna da kuɗi kaɗan, wannan bas ce abokiyar tafiyarsa. Ta Kendal take bi, ta gangara gefen Windermere, tafkin da ya fi kowanne girma a Ingila, ta ratsa Ambleside da Grasmere, sannan ta hau wata mashiga a tsakanin duwatsu. Da an sauko mashigar sai ga Thirlmere a hannun hagu, dogon tafki mai baƙin ruwa da itatuwa suka kewaye. Tun 1894 ake jan ruwansa zuwa Manchester ta wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita kusan 150, gangara kawai ke tafiyar da shi. Na daɗe ina kallonsa ta taga, don da alama na sha yin alwala da ruwansa ban san mafarinsa ba.

A Keswick, wanda 'yan garin ke kira "Kezik", na canza zuwa bas mai lamba 78 da ke shiga kwarin Borrowdale. Hanyar ta matse, motoci biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe. A Seatoller na sauka, daga nan sai ƙafa. Can ƙuryar kwarin akwai wani ɗan ƙauye, Seathwaite, wanda aka yi ittifaƙin babu wurin da mutane ke zaune a Ingila da ya kai shi ruwan sama: milimita kusan 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Ranar da na isa ma yayyafi ake, irin wanda ba ya ƙara amma yana ratsa riga. Ko'ina ruwa ke gudu, daga kan duwatsu, a gefen hanya, a ƙarƙashin ƙafa.

Da mutum ya ɗaga kai zai ga ƙasar ta rabu hawa-hawa. A gindin kwari akwai 'yan filaye kore shar, an kewaye su da katangar dutse wadda aka jera babu siminti babu laka. A nan ake yankan ciyawar ajiya, a nan tumaki ke haihuwa. Sama da su akwai wasu filayen masu tudu da duwatsu, su ma a killace. Daga katanga ta ƙarshe kuwa shi ke nan, sai tsauni fetal har inda hazo ya rufe, kuma bayan waɗannan tsaunuka ne Scafell Pike yake, mai tsawon mita 978, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Ingila. Wannan fetal ɗin shi ne filin tarayya, kuma a kansa heft take.

Tunkiyar farko da na gani kusa da kusa tana tsaye ne a kan wani dutse a bakin hanya, ko gezau ba ta yi ba. Irin da ake kira Herdwick ce. Gajeriya ce dirarriya, ƙafafunta masu kauri, fuskarta da ƙafafun fari sol, jikinta kuwa ruwan toka, gashin ya yi tsawo ya cukurkuɗe yana ɗigar ruwa. Wanda idonsa ya saba da balami da uda, dogaye masu santsin jiki, zai ɗan jima kafin ya yarda wannan ma tunkiya ce. A gefenta akwai ɗanta baƙi ƙirin, sai ɗan farin da ya fara fito masa a kunne da kewayen ido. Haka ake haifarsu duka, baƙaƙe. In sun shekara su koma ruwan ƙasa mai duhu, bayan askin farko su fara yin toka-toka, suna ƙara haske suna ƙara tsufa. Da na miƙa hannu na taɓa wani guntun gashi da ya maƙale a katanga, sai na ji shi da kaushi da maiƙo. Wannan kaushin ne ke sa ruwa ya zame bai kai fata ba.

A wata gona na sauka, inda masu gidan ke ba baƙi ɗaki. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana, 'yarsa ce ke riƙe da yawancin aikin yanzu. Da suka ji abin da ya kawo ni, sai ta ce in ina iya tashi da wuri, kuma ina da takalmin kirki, gobe ne ranar tattaro tumaki. Tashi da wuri bai zame min wahala ba, don a Yuli a can rana ba ta faɗuwa sai an wuce tara da rabi na dare, kuma kafin biyar ta fito. Tsakanin Isha'i da Asuba ɗan taƙi ne.

Ba gida ɗaya ke yin wannan aiki ba. Duk masu haƙƙin kiwo a tsaunin sun fito, kowa da karnukansa, aka rarrabu, wasu suka bi ta kwazazzabo, wasu suka kama gefen dutse. Ni an ce in tsaya a bayan dattijon kada in shiga gabansa. Mun yi ta hawa cikin wata ciyawa mai faffaɗan ganye da ke kai wa ƙugu, har numfashina ya fara sama-sama, shi kuwa ko haki. Da muka kai wani tudu sai ya tsaya ya sa yatsu a baki ya yi fito. Karensa, wata baƙa mai farin ƙirji, ta zabura ta yi sama har ta zame ɗan ɗigo. Fito ɗaya ta karkata dama, wani ta karkata hagu, wani kuma ta kwanta ƙasa ɗif. Can sai duwatsun suka fara motsi. Abin da na ɗauka tsakuwa ce warwatse ashe tumaki ne, suna fitowa bibbiyu, uwa da ɗa, suna bin wasu siraran turobi da kofatonsu ya sassaƙa, suna haɗuwa suna zama layi.

Abin da ya fi kama ni shi ne dattijon ya san wa zai fito daga ina. Ya nuna wani lungu a ƙarƙashin dutse da sandarsa, ya ce nan gidan wata tsohuwa ce da 'ya'yanta da jikokinta, kuma nan ya tarar da kakanninta lokacin da mahaifinsa ya fara hawa da shi. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga su, tsohuwar a gaba. Ya ce a cikin heft ɗin gona ma akwai ƙananan heft, kowace zuriya da nata. Da aka gangaro da su duka zuwa ƙofar katanga, kuka ya cika kwarin, uwaye na neman 'ya'ya, 'ya'ya na neman uwaye, sai ka ce kara ana gobe Sallah.

A bakin shingen da ake rarrabe su 'yar ta yi min bayanin yadda abin yake shiga kan dabba. A tsakiyar Afrilu zuwa Mayu ake haihuwa, a filayen ƙasa. Da ɗan ya yi ƙwari sai a buɗe musu ƙofa, uwar ta kama hanya ba tare da an kora ta ba, har wurin da ita ma aka raine ta. Duk watannin ɗumi yana biye da ita. A nan zai san inda ruwa yake, da inda ciyawa ke fara tsirowa, da dutsen da ake fakewa in iska ta taso daga yamma, da taɓon da ke haɗiye dabba. Sai a yaye shi da kaka. Matan cikinsu, waɗanda za su gaji garken, ba a barinsu su yi sanyin farko a kan tsauni. A kan loda su a mota a kai su gonakin ƙasa-ƙasa, wani lokaci kusa da teku, su yi watanni a can. In an dawo da su wajen Afrilu aka buɗe ƙofar tsauni, kowace sai ta nufi wurin uwarta kai tsaye, ba mai nuna mata. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta ƙara da wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Sanin wuri kaɗai ba ya tsare iyaka. Garken maƙwabci ne ke tsare ta. Tumakinta ba sa malala gabas saboda akwai na wasu a can suna cin ciyawar, na wasun ma ba sa malalowa saboda nata. Kowane garke katangar ɗan'uwansa ne. In gida ɗaya ya daina kiwo, sai gurbin ya buɗe, na gefe su fara zamewa ciki, aikin tattarowa ya ninku.

To, daga ina kalmar ta fito? Masana harshe da dama suna mayar da ita ga tsohon harshen mutanen Nowe, waɗanda tarihi ke kira Viking. A ƙarni na 10 wasunsu suka ƙetaro daga Ailan da tsibirin Man suka zauna a waɗannan kwaruruka suna kiwo. A harshensu akwai kalmar hefð, kuma kalmar shari'a ce: haƙƙin da mutum ke samu a kan abu saboda ya daɗe yana amfani da shi babu wanda ya yi masa jayayya. Dangi ce ga kalmar Turanci have, wato mallaka. Har gobe tana raye a can arewa. A Nowe hevd, a Suwidin hävd, duka suna nufin irin wannan haƙƙi na daɗewa, a Aisilan kuwa hefð ta zama kalmar al'ada, abin da aka gada aka saba. Ke nan kalma ɗaya ta riƙe wurin, da sabon da dabba ta yi da shi, da ikon da mai dabbar ya samu ta dalilin wannan sabo. Da na ga tsohuwar tunkiyar nan ta fito daga lungunta sai na gane yadda aka yi ma'anonin suka haɗu. Zamanta a wurin shi ne hujjar gidan a kan wurin. Suna ma faɗin kalmar a kan mutum. Dattijon ya ce da kansa shi ma heft gare shi, in ya kwana biyu a birni ba ya iya barci.

Sawun waɗancan mutane ya cika bakin 'yan yankin. Tsauni a wurinsu fell ne, ƙorama beck, ɗan tafkin kan dutse tarn, budurwar tunkiya gimmer, duka daga wancan harshe. Ƙarshen sunan Seathwaite ma nasu ne, yana nufin wurin da aka share. Shi kuwa sunan Herdwick da farko ba na tunkiya ba ne, na wurin kiwon ne. A tsakiyar zamani ruhubanawan Kirista na gidan ibadar Furness suna da manyan wuraren kiwo a waɗannan kwaruruka, har da Borrowdale, kuma da wannan suna ake kiran irin wuraren. Sannu a hankali sunan wuri ya koma kan dabbar da ke cikinsa. Akwai masu cewa tumakin daga wani jirgin ruwan Sifaniya da ya fashe a gaɓar teku a 1588 suka fito, amma wannan hira ce ta bakin murhu.

Yanzu sanarwar nan ta hayar gona ta fito min fili. Tunda garke ba shi da amfani a wani tsauni, kuma tsaunin ba shi da amfani in babu garken da ya san shi, sai aka ɗaure su tare. Mai ƙasa yana da wani adadi na tumaki da ke zaune a gonar dindindin. Ɗan haya zai karɓe su a ƙirge, an duba lafiyarsu da shekarunsu, ya ci amfanin abin da suka haifa, ranar da zai tashi kuma ya bar adadin da ya tarar, masu irin wannan daraja. Gonar da na sauka ta ƙungiyar National Trust ce, mai kula da wuraren tarihi da filayen karkara, kamar gonaki da yawa a yankin. Babban kaso na wannan dukiya ya zo ne daga Beatrix Potter, marubuciyar littattafan yara, wadda ta zuba kuɗin littattafanta wajen sayen gonakin kwari don kada a yayyanka su. Ta zama gwanar kiwon Herdwick har tana cin gasa. Da ta rasu a Disambar 1943 ta bar wa ƙungiyar eka kusan 4,000, da sharaɗin a ci gaba da riƙe wannan iri a gonakin tsauni. A 2017 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wannan tsarin kiwo na cikin dalilan.

Duk da heft, ba a rasa ɓatacciya, don haka kowace gona tana da shaidarta iri biyu. Akwai tsagar kunne, wadda na gane nan take don mu ma muna yi: wani a gutsure bakin kunnen, wani a yi masa ƙofa, wani a raba shi biyu. Akwai kuma shafin launi a gashi, ja ko shuɗi ko baƙi, ɗigo a kafaɗa ko zane a haƙarƙari. Tun 1817 suke da littafin da ke ɗauke da hoton tunkiya da shaidar kowace gona, ana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma na ga kwafi ɗaya a kicin ɗin gidan, gefensa ya yi baƙi don shafa. Wanda ya tsinci ta wani zai riƙe ta ya ciyar da ita har ya mayar. A da akwai ranakun da makiyaya ke haɗuwa musamman domin musayar ɓatattu, yanzu waya ta rage wannan, taron ya koma na gasa da nishaɗi, irin wanda ake yi a Wasdale Head a Oktoba. Baƙin shafin ma yana da labari. A ƙarni na 16 aka gano wani baƙin ma'adini mai laushi a dutsen da ke saman Seathwaite, makiyaya suka riƙa shafa wa tumaki. Shi ne abin da ke cikin fensir, kuma dalilinsa Keswick ta zama garin fensir har tana da gidan tarihinsa.

Da yamma na samu sabis a kan wani tudu na kira baffana, wanda ya yi rayuwarsa cikin saye da sayar da dabbobi. Bayan gaisuwa na kwashe labari na ba shi.

"Baffa, wai ka ji tunkiya ta yi wata biyar a wani gari, a dawo da ita ta tafi wurin uwarta ita kaɗai."

Ya ce, "To ɗana, mene ne abin mamaki? Dabba ai ta san makwancinta. Abin tambaya shi ne, wurin yana nan ba a nome shi ba?"

Na ce yana nan, Allah ya ƙara maka lafiya, doka ma ta tsare shi.

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Sun riƙe huruminsu ke nan."

Ban sami kalmar Hausa da ta fi wannan kusa ba, don hurumi a wurinmu fili ne da aka keɓe a bayan gari, kuma iko ne, shi ya sa ake cewa abu kaza ba huruminka ba ne. Tambayarsa kuwa ta taɓa inda ke min ciwo. A 1965 Birtaniya ta yi dokar da ta sa aka rubuta filayen tarayya na Ingila da Wels, da sunan kowace gona mai haƙƙi, da yawan dabbar da za ta saka. A wannan shekara dai gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. An ware sama da 400 a Najeriya, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba, kuma kowa ya san abin da ya sami burtali da mashaya a wurare da yawa. Nijar ta ɗan fi mu a takarda, don dokar karkara ta 1993 ta amince makiyayi yana da fifiko a yankin da ya saba zama. Ban ce abin da ya yi aiki a kwarin da mutanensa ba su taka kara sun karya ba zai yi aiki a ƙasar da jama'a ke ninkuwa ba. Amma na ga da idona cewa daɗewa a wuri tana iya zama haƙƙin da hukuma ke girmamawa, ba tare da an kafa waya ko an kori kowa ba.

Su ma ba a kwance suke ba. Da aka ambaci 2001 a teburin cin abinci, sai dattijon ya ajiye cokali. A shekarar ce cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, kuma babu lardin da ya ji jiki kamar Kambriya. Cutar ta zo ne a Fabrairu, daidai lokacin da 'yan matan garke suke gonakin ƙasa, inda aka fi yin kisan. Gidaje da yawa suka rasa zuriyar shekara guda cur, wasu suka rasa garken baki ɗaya. Gwamnati ta biya diyya, amma kuɗi tunkiya yake saya, ba ya sayen abin da ke kanta. Wanda ya kawo baƙin tumaki ya sake su a tsauni, gobe sai ya neme su a wani kwarin. Sai dai a kafa shingen wucin gadi, ko makiyayi ya riƙa hawa kullum yana mayar da su, ana ba su abinci a wuri ɗaya, shekara da shekaru, har sai an sami waɗanda aka haifa a wurin sun haifi nasu. 'Yar ta ce tana ƙarama a lokacin, abin da ta fi tunawa shi ne hayaƙi da warin ƙuna.

Damuwarsu ta yau daban ce. Akwai masu rajin kare muhalli da ke cewa tumaki sun cinye tsaunukan, sun hana itace tsirowa, shi ya sa ruwa ke gangarowa da gudu. Suna kafa hujja da ambaliyar Disambar 2015, lokacin da aka auna milimita 341 cikin awa 24 a Honister, mashigar da ke saman Seatoller, ruwa ya shiga gidaje a Keswick da Carlisle. Maganarsu ba ta rasa gaskiya. Na ga wani kwazazzabo da aka killace, itatuwa sun cika shi, alhali wajen shingen a aske yake. Kuma an yi zamanin da ake biyan tallafi bisa yawan kai, mutane suka tara fiye da abin da ƙasa za ta ɗauka. Yanzu abin ya juya. Tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ake janye tsohon tallafin, kuɗin da ake samu ya koma na rage dabbobi a tsauni, musamman da sanyi. Ni a ganina ragewa daidai ne, amma tana da gejin da in an wuce shi garke ba zai ƙara tsare garke ba, kuma wanda ke lissafi a ofis ba lallai ya san inda gejin yake ba. Kwashe garke daga dutse aikin yini guda ne, waɗanda suka ga 2001 kuwa sun san tsawon lokacin da mayar da shi ke ci. Ya kamata a ce da su ake yanke adadin.

Washegari aka yi aski a rumbu. Mai askin ya kan kama tunkiya ya zaunar da ita a tsakanin gwiwoyinsa, injin ya bi ciki ya bi baya, cikin minti biyu gashin ya sauka gaba ɗaya a haɗe, ita kuma ta tashi tsirara-tsirara, a shafa mata sabuwar shaida ta fice tana kiran ɗanta. Na taya su naɗe ulun muna cusawa a manyan buhuna, hannuna ya yi maiƙo har gwiwar hannu. Kuɗin ulun, in ji su, bai kai ladan mai aski ba, don kaushinsa ya sa sai dai darduma ko cusa bango saboda sanyi. Don lafiyar dabbar kawai ake yi. A ƙasar da ulu ya taɓa zama ginshiƙin arziki ke nan, har shugaban majalisar dattawansu a Landan a kan matashin ulu yake zama har yau.

Abin da ke kawo kuɗi shi ne nama da kuma sayar da uwaye. In tunkiya ta yi 'yan haihuwa a tsauni, haƙoranta suka fara gajiya, sai a kai ta kasuwar kaka a sayar wa manomin ƙasa-ƙasa, ta ƙara haihuwa a wuri mai sauƙi. Mai saye ya san sai ya gyara shingensa, don akwai waɗanda ke tsallake katanga su kamo hanyar gida. Daga ƙarshe kuma yawancin tsofaffin tumakin Birtaniya a mahautan Musulmi suke ƙarewa, a Bradford da Birmingham da Manchester. Musulmi ba su wuce kashi 6.5 cikin 100 na mutanen Ingila da Wels ba a ƙidayar 2021, amma kason da suke ci na naman tumaki ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma makiyayan tsauni sun san da wannan sarai.

Muna cikin ɗaure buhu 'yar ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai shekarun da dabba za ta kai kafin a yi layya da ita. Na ce ƙwarai, a mazhabarmu ta Malikiyya rago sai ya cika shekara, kuma ba mai ido ɗaya, ba gurgu, ba ramamme. Ta ce ita ta san Sallar tana matsowa da kwana 11 duk shekara, tana ma rubuta ta a kalandar kicin saboda farashi. Tunda a lokacin a Yuni take faɗowa tana gangarowa Mayu, 'ya'yan bana ba su isa ba, sai na bara. Herdwick kuwa a hankali yake girma, ragunansa da yawa sai sun kusa shekara ko sun haura ake sayar da su. Ta ce bana za ta riƙe wasu ta ga yadda kasuwar za ta kaya, ta kuma roƙe ni in rubuta mata sharuɗɗan a takarda kafin bas ɗina ta iso.